Tabon da Ke Jikin Kumbo Shi Ne Shaidarsa

Da asubahin ranar 21 ga Yuli, 2011, kumbon Atlantis ya sauka a Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida ta Amurka, ya gangara a kan tayoyinsa har ya tsaya. Daga wannan tsayuwa bai sake tashi ba, haka ma 'yan'uwansa. Shekara talatin ke nan da 'yan watanni tun ranar 12 ga Afrilu, 1981, da John Young da Robert Crippen suka tashi da kumbon Columbia, na farko a jerin kumbunan da Amurkawa suka kira Space Shuttle, masu tashi a tsaye da ƙarfin roka, su dawo da fukafukai, a gyara su, a sake turawa. An yi tafiya 135 da su. Biyu sun tarwatse da mutane a ciki, uku suka tsira, sai wani mai suna Enterprise wanda aka ƙera don gwaji kawai, bai taɓa barin iskar duniya ba. Hukumar NASA ta raba su ga gidajen tarihi: Discovery ya tafi Cibiyar Udvar-Hazy ta hukumar Smithsonian a jihar Virginia, kusa da Washington, Atlantis ya zauna a Kennedy, Endeavour ya tafi Cibiyar Kimiyya ta California a Los Angeles, Enterprise kuma aka kai shi gidan tarihi na Intrepid a New York. Mutane da yawa suna kallon waɗannan kumbuna a matsayin kayan alfahari, abin da ƙasa ke kafewa don ta yabi kanta. Ni a ganina darajarsu tana wani wuri dabam. Shaidu ne, kuma shaida ba shi da amfani sai an bar shi ya faɗi duk abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Gidan tarihin da ya goge musu tabo, ko ya ɓoye gawarwakin 'yan'uwansu, ya toshe bakin shaidar da aka ba shi amana.

Abin da ya bambanta su da kumbunan da suka gabace su shi ne dawowa. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969 ta kai mita 110 a tsaye, amma abin da ya dawo daga cikinta ɗan ɗaki ne mai siffar mazurari wanda da ƙyar yake ɗaukar mutum uku, shi ma tafiya ɗaya ya yi aka ajiye shi. Sauran duk sun faɗa teku, ko sun ƙone, ko sun ɓace a sararin samaniya. Shi kuwa wannan kumbo, mai tsawon mita 37 da faɗin fukafukai mita 24, yana dawowa ne gaba ɗayansa, kuma kowace tafiya tana barin alama a jikinsa. Discovery ya yi tafiya 39 tsakanin 1984 da 2011, ya yi jimillar kwana 365 a sama. Da aka kawo shi Udvar-Hazy a watan Afrilun 2012, masu kula da gidan, ciki har da Valerie Neal wadda ta daɗe tana riƙe da sashen, suka zaɓi a bar shi kamar yanzu ya sauko. Ba a yi masa sabon fenti ba. Wanda ya tsaya a gefensa zai ga farin bargon kariyar da ke lulluɓe da bayansa ya dafe, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Idan ya sunkuya ya duba cikinsa, zai ga baƙaƙen tayil ɗin da aka jera sun koma launi iri-iri kamar gindin tukunyar da ta daɗe a kan murhu: tsofaffin sun yi toka-toka da zane-zanen da iska mai zafi ta ja a kansu, sababbin da aka sauya daga baya kuma suna nan baƙi wuluk a tsakaninsu. Wannan ƙazanta ita ce rubutun. Da an wanke ta, da abin da ya rage bai fi samfurin da aka sassaƙa da katako ba.

A tsaya a kan tayil ɗin nan, domin a cikinsa duk labarin yake. Idan kumbo ya juyo gida yana shigowa iskar duniya da gudun da ya kai kilomita 28,000 a awa, zafin da ke taruwa a hancinsa da bakin fukafukansa yana haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas. Gangar jikinsa kuwa da alminiyam aka yi ta, wanda ba ya jure ko kusa da haka. Don haka aka rufe shi da tayil sama da 24,000, waɗanda aka yi da zaren silika, wato sinadarin da ke cikin yashi. Kashi casa'in cikin ɗari na kowane tayil iska ce zalla, shi ya sa ba shi da nauyi, kuma ba ya barin zafi ya ratsa shi: ana iya ciro shi daga tanda cikinsa na ja jawur, bayan 'yan daƙiƙu a riƙe shi ta kusurwoyinsa da hannu. Amma wannan abu mai ban mamaki yatsa ma yana iya lotsa shi. Kusan kowane ɗaya yana da siffarsa da gurbinsa, ba ya shiga gurbin wani, kuma an buga masa lambarsa a fuska, lambar da mai ziyara zai iya karantawa da idonsa har yau. Da hannu ake manna su ɗaya bayan ɗaya a kan wani ɗan ƙyalle mai laushi, kuma bayan kowace tafiya sai ma'aikata sun bi su suna dubawa. Lokacin da Shugaban Amurka Nixon ya amince da shirin a watan Janairun 1972, lissafin da aka gina shi a kai shi ne za a riƙa tashi kusan sau hamsin a shekara, a gyara kumbo cikin mako biyu, kowanne ya yi tafiya ɗari, farashin zuwa sama ya faɗo ƙasa warwas. Shekarar da aka fi tashi ita ce 1985, sau tara. Mafi saurin juyin da aka taɓa yi tsakanin tashi biyu na kumbo ɗaya kwana 54 ne, yawanci kuwa watanni ake ɗauka. Idan aka haɗa duk abin da shirin ya ci, kusan dala biliyan 200 ne, wato kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a kowace tafiya. Ana iya karanta waɗannan alƙaluma a takarda a wuce. Amma wanda ya ɗaga kai ya ga lambobi dubbai a jere a cikin kumbo, ya tuna kowace lamba hannun mutum ne ya manna ta, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da alkawarin mako biyu ya gagara cika. Gani ya kori ji.

Kada a ɗauka shaidar ta gazawa ce kaɗai. A Kennedy an girke Atlantis a karkace, ƙofofin rumbun kayansa a buɗe, kamar yadda yake kasancewa a sama, kuma girman rumbun nan, mita 18 a tsawo, shi ke bayyana abin da babu wani kumbo da ya iya yi kafinsa ko bayansa. A irin wannan rumbu Discovery ya ɗauki na'urar hangen nesa ta Hubble a 1990. Da aka gano madubinta yana da aibi, 'yan sama jannati suka bi ta a 1993 cikin Endeavour suka saka mata na'urar gyaran gani, kuma a 2009 Atlantis ya dawo da wannan na'ura gida tare da kyamarar da ta ɗauki hotunan da suka shahara a duniya. Dukansu suna hannun Smithsonian yanzu. A jikin farantin kyamarar akwai ramuka birjik, wuraren da masana suka huda suka cire don nazarin ƙananan ɓarɓashin da suka riƙa bugunta tsawon shekara goma sha biyar da ta yi a sama. A irin wannan rumbu aka kwashi mafi yawan manyan sassan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Mutum 355 daga ƙasashe 16 suka hau waɗannan kumbuna, kuma ta nan ƙofa ta buɗe ga waɗanda a da ba a sa su a lissafi: Sally Ride, mace ta farko daga Amurka, da Guion Bluford, baƙar fata na farko daga can, duk a 1983, sai Mae Jemison, mace baƙar fata ta farko, a 1992. A watan Yunin 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tashi cikin Discovery, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. Kumbon da ya hau shi ne wannan da ke tsaye a Virginia.

Wurin da gaskiyar gidan tarihi ke fuskantar jarrabawa shi ne batun matattu. Ranar 28 ga Janairu, 1986, Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu, ciki har da Christa McAuliffe, malamar makaranta wadda ɗalibai a faɗin Amurka ke kallon tashinta a talabijin. Sanyin safiyar ya sa wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar gefe ya ƙage, wuta ta sami hanya. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, irin su Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi a daren da ya gabata, aka ƙi saurarensu. Bayan an gama bincike, aka kwashe tarkacen aka zuba a tsofaffin ramukan makamai masu linzami a Cape Canaveral, aka rufe da kankare. Shekara goma sha bakwai bayan haka, ranar 1 ga Fabrairu, 2003, Columbia ya wargaje a samaniyar jihar Texas yana hanyar dawowa, wasu bakwai suka tafi. Wani guntun soson kariya ne ya ɓalle daga tankin mai lokacin tashi, ya bugi bakin fiffiken hagu ya huda shi. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya ce cutar da ta kashe Challenger ce ta dawo: an saba ganin aibi yana aukuwa ba tare da an mutu ba, har aka daina ɗaukarsa aibi. A wannan karo ba a binne komai ba. Mutane sama da 25,000 suka bi dazuzzuka da gonaki, suka tsinto guntaye kusan 84,000, kimanin kashi 38 cikin ɗari na nauyin kumbon, aka jera su a hawa na 16 na katafaren ginin haɗa rokoki na Kennedy, inda ake ba masu bincike aronsu, ana kuma kai sababbin ma'aikata su gani. A 2015 aka buɗe wani ɗaki a kusa da Atlantis, aka fito da abu biyu a bainar jama'a: wani ɓangaren gefen Challenger mai ɗauke da tutar Amurka duk ta kakkarce, da firam ɗin tagogin gaba na Columbia.

Akwai masu cewa wannan bai dace ba, tarkacen da mutane suka mutu a ciki kabari ne, ba abin kallon masu yawon buɗe ido da suka sayi tikiti ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san darajar mamaci ba zai yi watsi da ita ba. Amma a duba yadda aka yi abin. An nemi yardar iyalan mutum goma sha huɗun nan kafin a buɗe ɗakin, su ne ma suka kawo kayan mamatansu aka ajiye, kuma ba a nuna wani abu da ya shafi gawa ba. Sannan a auna hanyoyi biyun da aka gwada. An binne Challenger don girmamawa da kawar da kai daga abin baƙin ciki, kuma cikin shekara goma sha bakwai hukumar ta koma halinta. Ba na cewa kankaren da aka zuba a kan ramin nan shi ya kashe mutanen Columbia. Dalilan sun fi haka yawa, akwai matsin kuɗi da matsin jadawali. Abin da nake cewa shi ne injiniyan da ya taɓa tsayawa gaban tagar da abokan aikinsa suka leƙa ta cikinta a minti na ƙarshe zai fi jin nauyin sa hannu a takardar da ta ce aibi kaza ba komai ba ne. Idan aka nuna kumbuna uku masu rai aka ɓoye biyu da suka mutu, an faɗa wa yara ƙarya game da farashin abin, su kuwa yaran nan wasunsu ne za su ƙera na gaba.

Wasu kuma ta fuskar kuɗi suke zuwa. Suna cewa ga hotuna, ga finafinai, ga zane-zanen injiniyoyi cike da ɗakunan ajiya, me ya sa za a gina katafaren zaure don ƙarfen da ba zai sake tashi ba? Kuma gaskiya ne an biya farashi. A watan Oktoban 2012, da za a ja Endeavour tafiyar kilomita 19 daga filin jirgin Los Angeles zuwa gidan tarihi, sai da aka sare bishiyoyi kusan 400 a unguwannin da yawancin mazaunansu ba masu hali ba ne, kuma ko da aka yi alkawarin dasa fiye da haka, dashe ba ya ba da inuwar tsohuwar bishiya. Waɗanda suka yi ƙorafi suna da gaskiyarsu. Amma ga amsar masu cewa takarda ta isa. A 2003, lokacin da manyan jami'ai da dama ke tantamar cewa soso mara nauyi zai iya fasa fiffiken kumbo, masu bincike sun je wurin Smithsonian suka ari sassan bakin fiffiken Enterprise, wanda ke ajiye tun 1985 a matsayin kayan tarihi, suka fara gwaji a kansu a wata cibiyar bincike a San Antonio. Da aka daidaita gwajin, ranar 7 ga Yuli aka harba guntun soso da bai kai kilo ɗaya ba, da gudun da ya haura kilomita 800 a awa, a kan sashen fiffike na gaske da aka ciro daga Atlantis. Ya ɓula rami mai faɗin kusan santimita 40, musu ya ƙare a nan take. Takarda tana ɗauke da abin da marubucinta ya ga ya dace ya rubuta ne kawai. Shi abin da kansa yana riƙe da amsar tambayoyin da ba a riga an yi ba. Yau da kamfanoni ke ƙoƙarin ƙera sababbin kumbuna masu dawowa, matsalar garkuwar zafi tana nan tana ba su wahala, kuma babu wani wuri a duniya da za a ga abin da shiga iskar duniya sau 39 ke yi wa jiki ɗaya in ba a Virginia ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa abin da ake nunawa ma ba cikakke ba ne, kuma a nan dole a sallama musu da yawa. Kafin a miƙa kumbunan, an cire tankuna da bututan da suka riƙe man roka mai guba, wannan kuwa babu makawa tunda yara za su tsaya a ƙarƙashinsu. Amma an kuma cire manyan injuna uku na kowanne, aka maye gurbinsu da na kwaikwayo, bakin ne kawai na gaske. NASA ta riƙe injuna 16 don sabuwar rokarta, kuma a watan Nuwamban 2022 huɗu daga cikinsu suka ɗaga kumbon Artemis na farko, suka faɗa tekun Pasifik ba dawowa, alhali an ƙera su ne don a yi ta amfani da su, ɗaya daga ciki ma ya riga ya yi tafiya goma sha biyu. Wannan abin takaici ne, kuma ya kamata a rubuta shi ɓaro-ɓaro a allon da ke gaban kowane kumbo, domin shi ma ɓangare ne na labarin. Sannan kumbo shi kaɗai yana ruɗin ido, yana sa a ɗauka dukan abin ne ke dawowa, alhali babban tankin mai, mai tsawon mita 47, yana ƙonewa a kowace tafiya, rokokin gefe biyu kuma daga teku ake tsamo su a wargaza a sake haɗawa. Don haka aikin da aka yi a Los Angeles a farkon 2024 yake da muhimmanci: an tsayar da Endeavour a miƙe, an haɗa shi da rokokin gefe da tanki na gaske, na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda aka ƙera don tashi, wanda aka kawo ta ruwa ta mashigin Panama a 2016. Wanda ya ga wannan zai gane da idonsa wane kaso ne ke dawowa, wane kaso ne ke tafiya.

Wanda ke son sanin makomar irin waɗannan kaya idan babu mai kula da su, ya dubi Tarayyar Sobiyet. Kumbonsu Buran ya tashi sau ɗaya tak, ranar 15 ga Nuwamba, 1988, babu kowa a ciki, ya zaga duniya sau biyu ya sauko da kansa a Baikonur, abin da na Amurka bai taɓa yi ba. Ƙasar ta rushe, kuɗi ya yanke, aka bar shi a rumfa. A watan Mayun 2002 rufin ya rufta, ya kashe ma'aikata takwas, ya murƙushe kumbon. Wanda ake gani yau a gidan tarihin fasaha na Speyer a Jamus na gwaji ne, shi ma sai da ya yi yawo ta Sydney da Bahrain kafin ya sami matsuguni a 2008. Babban jirgin Antonov 225 da aka ƙera don ɗaukar Buran ya ƙone a filin jirgin Hostomel na Yukiren a 2022. Duk tambayar da wani injiniya zai so ya yi wa garkuwar zafin Buran, ta yadda ta jure tafiyarta ɗaya, babu sauran wanda zai amsa ta gaba ɗaya.

Sakaci ba shi kaɗai ne haɗari ba, son mallaka ma haɗari ne. Birnin Houston, inda ɗakin sarrafa tafiye-tafiyen yake kuma inda 'yan sama jannati suka yi horo, bai sami kumbo ko ɗaya ba a rabon 2011, sai na kwaikwayo da aka ɗora a kan ɗaya daga jiragen Boeing 747 biyu da ke ɗaukar kumbunan a da. Haushinsu a fili yake, kuma yana da tushe. A 2025 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 85 don a kai wa Houston kumbo, kuma sanatocin Texas da suka tura batun, John Cornyn da Ted Cruz, Discovery suke nufi. Smithsonian ta ce kumbon mallakinta ne, kuɗin ba zai isa ba, kuma tunda jiragen ɗaukar biyu duk sun yi ritaya, ba za a iya kai shi ba sai an wargaza wasu sassansa. A nan ne nake ganin bukatar Houston ta ci karo da abin da take so ta girmama. Discovery shi ne wanda aka zaɓa a bari mafi kusa da yadda ya sauko, don masu bincike na gaba su auna komai da shi. Ba a ƙera fukafukansa don a cire ba, kuma tayil ɗin da ke kan mahaɗarsu, waɗanda yatsa ke lotsawa, sai an ɓamɓare su kafin a kai ga ƙarfen. Ma'aikatan da suka san mannawa sun watse, kuma duk tayil ɗin da aka ɓamɓare, sabo ko na kwaikwayo za a saka a gurbinsa, wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba.